Tsoron Mutuwa da Shirin Karɓarta: Darasi ga Majinyaci da Masu Jinyarsa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda ajalin kowane mai rai yake hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana kan wani al'amari da kowa ke ɗauke da shi cikin zuciya, amma kaɗan ne ke yarda su faɗe shi da baki, wato tsoron mutuwa. A garuruwanmu na Madawa da Buza da Keita ba mu da ƙarancin wa'azi kan azabar kabari da tsananin hisabi. Abin da ya ƙaranta shi ne bayanin yadda mutum zai zauna da wannan tsoro bai halaka shi ba, da yadda za a taimaki wanda ciwo ya kwantar har ya karɓi hukuncin Ubangijinsa da natsuwa.

Ƙin mutuwa ba raunin imani ba ne

Ku sani, Allah ya yi muku rahama, cewa ƙin mutuwa ɗabi'a ce da aka halicci ɗan Adam da ita. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa lokacin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi magana kan mai son gamuwa da Allah da mai ƙin gamuwa da shi, Uwar Muminai A'isha (R.A.) ta tambaye shi ko ƙin mutuwa yake nufi, domin kuwa ba wanda ba ya ƙinta. Bai tsawata mata ba. Ya bayyana mata cewa ba wannan ba ne abin nufi. Mumini idan lokacinsa ya zo ana yi masa bushara da rahamar Allah da yardarsa, a nan ne son gamuwar ke shiga zuciyarsa. To, idan matar da ta rayu cikin ɗakin Annabi ta faɗi haka a gabansa, don me manomin albasa a fadamar Madawa zai ɗauka imaninsa ya lalace saboda gabansa ya faɗi ranar da likita ya gaya masa ciwonsa mai nauyi ne?

Shi kansa Manzon Allah (S.A.W.), a ciwon da ya yi wafati cikinsa a watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 11 bayan hijira, yana tsoma hannu cikin ruwa yana shafa fuskarsa, yana ambaton cewa mutuwa tana da magagi. Amru ɗan Asi (R.A.), wanda ya buɗe Misira, ya rasu a can wajen shekara ta 43. Muslim ya kawo labarin ƙarshensa: ya daɗe yana kuka, ya juya fuskarsa wajen bango, ɗansa yana tuna masa busharar da Annabi ya yi masa. Sannan ya juyo ya ba su labarin rayuwarsa, ya kuma roƙe su idan sun binne shi su tsaya kusa da kushewarsa gwargwadon lokacin da za a soke raƙumi a raba namansa, don ya samu ɗebe kewa da su. Jarumin da ya jagoranci runduna ke nan. Ya ji tsoro, ya faɗi tsoronsa, kuma mutanen gidansa ba su toshe masa baki ba.

A nan ne nake ganin muna kuskure. Dattijo zai ce wa ƴaƴansa, “Ni fa ina jin wannan ciwo ba na tashi ba ne,” sai a yi caa a kansa: “Haba Baba, daina yi wa kanka mugun fata!” Niyyar mai kyau ce, amma sakamakon shi ne an bar shi shi kaɗai da abin da ke cinsa. Maganar da yake son yi kan gona, ko kan bashi, ko kan ƴar da bai aurar ba, sai ya haɗiye ta. Faɗin mutuwa ba ya jawo ta, yin shiru kuma ba ya korar ta.

Malamai sun raba tsoro gida biyu. Akwai wanda ke tura bawa ga tuba da mayar da haƙƙi, wannan abin yabo ne. Akwai wanda ke kai shi ga ɗebe tsammani daga rahamar Allah, wannan kuwa tarkon Shaiɗan ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya rufe littafinsa Ihya'u Ulumiddini da babi kan tuna mutuwa da abin da ke bayanta, kuma a cikin littafin ya yi dogon bayani kan tsoro da fata. Abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne, mai lafiya ya riƙe su biyun kada ya sakankance, amma wanda ya kwanta ciwon ajali fata ya kamata ya rinjaya a zuciyarsa, tunda lokacin aiki ya ƙure, abin da ya rage shi ne dogaro. Jabir (R.A.) ya ji Annabi, kwana uku kafin wafatinsa, yana horon mutane kada ɗayansu ya mutu face yana kyautata wa Allah zato. Tirmizi kuma ya kawo labarin saurayin da Annabi ya ziyarta yana gargara, ya tambaye shi yadda yake ji, saurayin ya ce yana fatan rahamar Allah, yana kuma tsoron zunubansa. Annabi ya yi masa albishir cewa waɗannan biyu ba sa haɗuwa a zuciyar bawa a irin wannan lokaci face Allah ya ba shi abin da yake fata, ya amintar da shi daga abin da yake tsoro.

Saboda haka ina jan hankalin ƴan'uwana limamai da almajirai: wa'azin da ya dace da dandalin kasuwa ba shi ne ya dace da bakin shimfiɗar majinyaci ba. Wanda ya kwana arba'in bai iya tashi ba, ba ya bukatar a siffanta masa macizan kabari. A tuna masa sallolinsa, da azuminsa, da marayan da ya riƙa, da faɗin gafarar Ubangijinsa.

Abin da ke ƙarƙashin tsoron

Wanda ya saba zama wurin masu jinya zai lura da wani abu. Sau da yawa idan mutum ya ce yana tsoron mutuwa, aka bi shi a hankali, sai a tarar ba fitar ran ba ne kaɗai ke damunsa. Akwai abubuwan da bai gama ba, su ne ke hana shi barci. Mafi yawansu kuwa uku ne: bashi, da gona, da gaba tsakaninsa da wani ɗan'uwa. Waɗannan duka suna da magani tun ana raye.

Batun bashi mai nauyi ne. Buhari ya ruwaito cewa an kawo wata gawa don Annabi ya yi mata salla, da ya ji ana bin mamacin dinari uku kuma bai bar abin biya ba, sai ya ce sahabbai su sallace shi, har sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin bashin sannan Annabi ya yi sallar. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu kuwa a nan, yawancin mu'amalarmu da baki ake yin ta. Mutum ya karɓi buhun taki ko irin albasa sai kaka, ya ranci kuɗin mota don ɗansa ya tafi bida, ya karɓi ajiyar wata tsohuwa, ba wanda ya sani sai shi da mai abin. Ranar da harshe ya yi nauyi, wa zai faɗa?

Ta gona ta fi wannan rikici. Jingina da aro da saye, duka ukun suna kama da juna bayan shekara ashirin idan shaidun sun mutu. Wanda ya ba da aro ya rasu, ƴaƴan wanda aka ara wa su ce saye ne; a je wurin maigari, a je wurin sarki, a ƙare a gaban alƙali, zumunci ya watse. Tun shekarar 1993 ƙasarmu ta kafa dokar tsarin karkara, wadda a ƙarƙashinta aka samar da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, daga matakin gunduma har zuwa ƙauye, kuma ana iya samun takardar shaidar saye ko jingina ko aro ko kyauta ta hanyarsu. Neman wannan takarda ba rashin yarda da ɗan'uwa ba ne. Bin umurnin ayar nan ne da kayan aikin zamaninmu.

Sai wasiyya. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya ruwaito cewa bai kamata musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa ba. Mutanenmu suna gudun rubuta ta, wai kamar kiran ajali ne. To ku dubi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.). Ya yi ciwo mai tsanani a Makka shekarar hajjin bankwana, ya ɗauka tafiya ce, a lokacin kuma ƴa ɗaya gare shi. Ya nemi ya yi sadaka da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi ya hana. Ya nemi rabi, ya hana. Ya yarje masa sulusi, ya kuma nuna masa cewa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Sa'adu ya warke, ya rayu fiye da shekara arba'in bayan wannan, ya haifi ƴaƴa da yawa. Wasiyya ba ta rage masa kwana ɗaya ba.

Ga tsarin a taƙaice, don kada a ruɗe. Daga abin da mamaci ya bari ana fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa, sannan bashi, sannan wasiyya matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba gado. Ba a yi wa magaji wasiyya, sai in sauran magada sun yarda. Wanda bai iya rubutu ba ya je wurin limamin unguwarsu da shaidu biyu adilai, a rubuta masa da ajami ko da boko, a karanta masa, ya ajiye inda iyalinsa suka sani. Mata ma haka: awakinki, da kuɗin adashinki, da abin da kike bin mijinki na sadaki ko rance, duka dukiyarki ce, kina da haƙƙin a rubuta.

Game da gaba kuwa, ba ta bukatar dogon bayani. Aika a kira shi. In ya ƙi zuwa, ka sauke naka nauyin.

Mutuwa a baƙon wuri

Akwai wani nau'in tsoro da ya keɓanci ƙasarmu ta Adar. Da an gama girbi, samari da magidanta sukan kama hanya, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya da Aljeriya. Wanda ya tafi yana tsoron ya mutu inda ba mai yi masa wanka. Uwar da aka bari tana tsoron ƙarar waya cikin dare. Ƙarshen Suratu Luƙman ya sanar da mu cewa sanin ƙasar da mutum zai mutu cikinta yana daga abubuwan da Allah ya keɓe wa kansa. Sahabbai da yawa ba a Madina suke kwance ba. Abu Ubaida a Sham yake, Amru a Misira, Abu Ayyuba Al'ansari a bakin ganuwar birnin da ake kira Istanbul yau. Uƙba ɗan Nafi'u, wanda masu tarihi suka ce ya iso har Kawar a arewacin ƙasarmu, kabarinsa yana kusa da Biskra a Aljeriya. A ɗaya gefen kuma, Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya zauna Agadas, ya je Makka har sau biyu, amma ƙasar da aka rubuta masa tana nan kusa da Madawa. Shehu kansa an haife shi a Maratta cikin wannan yanki a shekarar 1754, ya yi wafati a Sakkwato a 1817. Ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne ke bin sa.

Amma wannan ba izini ba ne na jefa kai cikin halaka. Wanda ya hau motar da ya san ba ta da isasshen ruwa ya shiga hamada, ba tawakkali ya yi ba. Kuma mai shirin tafiya ya fi kowa bukatar abin da muka faɗa a sama: ya rubuta abin da ake bin sa da abin da yake bi, ya nemi gafarar iyayensa, ya bar wa matarsa bayani sarari.

Yarda da ƙaddara ba barin magani ba ce

Dole in tsaya a nan, domin wani zai iya karanta abin da ya gabata ya fahimce shi a karkace. Karɓar mutuwa idan ta zo daban, sakaci da rai daban. A zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan hijira, Umar ɗan Haɗɗabi (R.A.) ya nufi Sham, da ya isa Sargu aka gaya masa annoba ta ɓarke, sai ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne. Umar ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa don gudu.

Mun san watannin da maƙabartunmu ke cika da ƙananan kusheyi: daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, zazzaɓi da tamowa suka haɗu kan yaro ɗaya. A shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. A 2013 Madawa da Buza suna cikin gundumomin farko da aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina, wanda ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata cikin watannin ruwa. Uban da ya bar yaro yana suma kwana biyu a ɗaki, sannan ya ce kwanansa ne ya ƙare, ya faɗi gaskiya game da ajali, amma za a tambaye shi game da amana. Rubutu da tofi ba su hana zuwa likita. A haɗa su.

Haka kuma tuna mutuwa ba ya nufin naɗe hannu. Dattawan Keita suna tune da fari da yunwar 1984, sun ga mutuwar dabbobi da watsewar garuruwa. A wannan shekarar ce aka fara babban aikin raya karkara na Keita da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen da suka fito daga wannan masifa, mafi yawansu mata, su ne suka ɗauki duwatsu a ka, suka yi shingayen tare ruwa a kan tuddai, suka dasa miliyoyin itatuwa. Da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsu na shan inuwar. Imam Ahmad ya ruwaito hadisin da ke horon wanda tashin alƙiyama ya riska da dashen dabino a hannunsa ya dasa shi in ya samu iko. Ban san tafsirin wannan hadisi da ya fi tuddan Keita bayyana ba.

Wani kuma tsoron nasa ya wuce na ɗabi'a: ƙirji na bugawa, numfashi na sarƙewa, barci ya ƙaurace, kullum yana jin yau ce ranarsa alhali ba ciwon da ya kwantar da shi. Kada a yi saurin cewa iska ce ko sammu. Ya riƙe zikirin safe da maraice, ya samu wanda ya amince da shi ya faɗa masa, ya kuma je a auna shi, domin wannan ciwo ne da likitoci suka sani kuma ana maganinsa. Wanda wahalar ciwo ta sa shi roƙon mutuwa kuwa, Annabi ya hana wannan. Ya koyar da a bar wa Allah zaɓi tsakanin rayuwa da mutuwa, duk wadda ta fi alheri ga bawa.

A bakin shimfiɗa

Idan alamu suka nuna lokaci ya yi, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, tana da babi kan abin da ake yi wa mai gargara. An so a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada, a rufe masa idanu idan rai ya fita. Malamai sun yi bayanin yadda ake laƙƙanawar: wanda majinyacin ya fi natsuwa da shi ya zauna kusa, ya riƙa faɗin kalmar a hankali yadda zai ji. Ba a ce masa “faɗi, faɗi,” ba a girgiza shi, don kada ƙunci ya sa ya furta abin da bai dace ba. In ya faɗa sau ɗaya a ƙyale shi, sai fa in ya sake wata magana ta duniya. In bai iya motsa harshe ba, kada kowa ya fita yana cewa wane ya kasa shahada. Mutumin da ya rayu a kanta, nauyin harshe a magagi ba hujja ba ce a kansa. A rage cunkoso a ɗakin, a jiƙa masa leɓe da ruwa, kada a yi gardamar gado a kansa, domin sau da yawa kunne yana ji bayan baki ya daina magana.

Hawaye ba laifi ba ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya binne ƴaƴansa duka a rayuwarsa ban da Faɗima. Da ɗansa Ibrahim yake cikawa a shekara ta 10, idanunsa sun zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki, Annabi ya gaya masa wannan jin ƙai ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da maganar da ke nuna fushi da hukuncin Allah. Saboda haka kada a ce wa uwar da ta rasa ɗa ta daina kuka wai tana ƙona shi; a zauna da ita, a kai wa gidan abinci kamar yadda Annabi ya yi umurni a yi wa iyalin Ja'afar. Zaman makoki kwana uku ne, sai matar mamaci da ke takaba wata huɗu da kwana goma, ko zuwa haihuwa in tana da ciki.

Kafin a ɗauki makara, babban ɗa ko wani daga dangi ya tashi ya sanar cewa duk mai bin mamaci ya zo wurinsa, ya kuma faɗi haka da niyyar biya, ba don al'ada kawai ba. Hukuncin wanka da likkafani da sallar jana'iza za mu kawo shi a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Wallahu a'alamu.